Yadda ake tantance injiniyoyin manhaja a kamfanonin fasahar lafiya: misalin kamfanin Epic na Amurka

Duk wanda ya taɓa jinya a asibiti ya san tafiyar da fayil ɗinsa ke yi: daga wurin yankar kati zuwa ɗakin likita, daga can zuwa ɗakin gwaje-gwaje, sannan wurin karɓar magani. A manyan asibitocin Amurka da wasu na Turai wannan fayil ya bar takarda ya koma cikin kwamfuta, kuma akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, rubuta manhajar da ke riƙe shi. Masu rubuta ta su ne ake kira injiniyoyin manhaja. Hanyar da ake bi wajen tantance su kafin a ba su aiki, wato abin da aka fi sani da intabiyu, ta bambanta da wadda aka saba gani a kamfanoni irin su Google da Amazon. Dalilin yana cikin aikin kansa. Kuskuren da zai hana talla fitowa a shafin intanet asarar kuɗi ce, amma kuskuren da zai sauya yawan maganin da za a ba jariri yana iya zama asarar rai.

Kamfanin da ya fi shahara a wannan fanni shi ne Epic Systems, wanda hedikwatarsa ke garin Verona, kusa da birnin Madison a jihar Wisconsin. Wata mata mai suna Judith Faulkner, wadda ta karanci kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Wisconsin, ita ta kafa shi a 1979 a wani ɗakin ƙasa, da jarin kimanin dala dubu 70. A yau ma'aikatansa sun haura 13,000, kuɗin da ya shigo masa a 2023 ya kai dala biliyan 4.9, kuma kamfanin yana cewa bayanan majinyata fiye da miliyan 300 na cikin manhajarsa. Kaiser Permanente da Mayo Clinic da Johns Hopkins duk da ita suke aiki, haka ma asibitocin Jami'ar Cambridge a Ingila tun 2014. Kamfanin bai taɓa sayar da hannun jarinsa a kasuwa ba, kuma ba ya sayen wasu kamfanoni, duk abin da yake sayarwa a gida yake rubuta shi. Wannan ya sa kusan kowace shekara yana ɗaukar ɗimbin matasa da suka kammala jami'a, har tsarin ɗaukar aikinsa ya zama sananne a tsakanin ɗaliban kwamfuta na Amurka.

Tsohon harshe a ƙarƙashin sabon gini

Ba za a gane jarrabawar Epic ba sai an san harshen da aka gina rumbun bayanansa da shi. Sunansa MUMPS, kuma an ƙirƙiro shi ne a 1966 a Babban Asibitin Massachusetts da ke Boston, a ɗakin binciken Dakta Octo Barnett, musamman domin adana bayanan marasa lafiya. Ɗaya daga cikin waɗanda suka rubuta shi, Neil Pappalardo, shi ya kafa kamfanin Meditech a 1969. Da wannan harshe aka gina VistA, manhajar asibitocin tsofaffin sojojin Amurka, kuma a kansa rumbun Epic mai suna Chronicles yake zaune har yanzu, ta hanyar fasahar kamfanin InterSystems. Ɓangaren da likita ke gani a fuskar kwamfuta an daɗe ana rubuta shi da Visual Basic kafin a mayar da shi kan sababbin harsuna irin su C# da TypeScript, amma gindin yana nan yadda yake.

MUMPS yana da ɗabi'u da ke rikita wanda ya saba da sauran harsuna. Kowane ɗan makaranta ya san cewa a lissafin 2+3×4 ana fara yin sau ne kafin a tara, amsar ta zama 14. MUMPS bai san wannan ƙa'ida ba: daga hagu yake ɗauka zuwa dama, ya tara 2 da 3 su ba shi 5, ya ninka sau 4, amsarsa 20. Idan kuma aka ba shi rubutu irin "3 lemo" aka ce ya ƙara 2, ba zai yi gardama ba, zai ɗauki ukun da ke gaba ya watsar da sauran, ya ce 5. Kusan babu jami'ar da ke koyar da shi a yau. Don haka tambayar ko mai neman aiki ya iya harshen kamfanin ba ta taso ba, domin an san bai iya ba. Abin da ake son sani shi ne ko zai iya koyon baƙon abu cikin sauri, ya bi ƙa'idar da aka rubuta masa ko da ta saɓa wa wadda ya haddace.

Matakan farko

Ana farawa da cike takardar neman aiki a intanet. Ban da tarihin karatu da na aiki, Epic kan nemi sakamakon jami'a da makin jarrabawar shiga jami'a ta SAT ko ACT, waɗanda matsayinsu a Amurka ya yi kusa da na JAMB a Najeriya. Wannan kan ba wasu mamaki, domin yawancin kamfanonin fasaha ba su damu da makin da mutum ya ci yana ɗan shekara 17 ba. Mai neman kujerar rubuta manhaja ana so ya zo da digiri a kimiyyar kwamfuta ko lissafi ko wani fanni makusanci. Sauran kujeru, kamar gwajin ingancin manhaja da kula da girka ta a asibitoci, ana ɗaukar waɗanda suka karanci tarihi ko kiɗa ko kimiyyar halittu.

Daga nan sai hira ta waya, wadda ba ta da tsawo, galibi da wani ma'aikaci da ke kan irin kujerar da ake nema. Yakan bayyana yadda aikin yake, ya tambayi dalilin sha'awar kamfanin, ya nemi a ba shi labarin wani aiki da mutum ya taɓa yi. Akwai kuma gwajin hali da ake kira Rembrandt, inda ake jera wa mutum siffofi ya zaɓi wadda ta fi dacewa da shi da wadda ta fi nisa da shi. Masu irin wannan gwaji kan maimaita tambaya guda cikin sigogi daban-daban, saboda haka wanda ya tsaya hasashen amsar da ake so yakan ƙare da saɓa wa kansa.

Jarrabawar basira

Nan ne ake tankaɗe da rairaya, kuma nan ne waɗanda suka bi ta wannan hanya suka fi ba da labari. Ana yin jarrabawar a gida, amma da mai sa ido daga wani kamfani na daban yana kallo ta kyamarar kwamfuta. Yakan buƙaci a nuna masa katin shaida, a zagaya da kyamarar ya ga ɗakin da saman tebur, a ajiye waya nesa. Tun bayan fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022 irin wannan tsaro ya ƙara muhimmanci a duk masana'antar, har ta kai shugaban Google, Sundar Pichai, ya faɗa a 2025 cewa za su dawo da aƙalla zama ɗaya na ido da ido.

Bisa abin da masu jarrabawar suka sha bayyanawa, kashi huɗu ce. Na farko lissafin gaggawa ne, tambayoyi kusan goma cikin minti biyu, kuma ba kowa ke kai ƙarshensu ba. Na biyu lissafi ne mai haɗe da wasa ƙwaƙwalwa, irin tambayoyin da amsar da ta fara zuwa wa mutum a rai ba ita ce daidai ba, sai ya sake karantawa. Na uku shi ne wanda ya bambanta Epic da saura: ana gabatar da wani harshen kwamfuta da mutum bai taɓa gani ba, a koya masa ƙa'ida ɗaya, a yi masa tambaya a kai, a ƙara wata ƙa'idar, a sake tambaya, har ƙa'idojin su taru su riƙa cuɗanya da juna. Harshen ɗan gidan MUMPS ne, da lissafinsa na hagu zuwa dama da sauran halayensa. Abin lura a nan shi ne gogaggen mai rubuta manhaja yana iya faɗuwa inda ɗalibin falsafa zai haye, domin sabo kan ja hannun gogaggen ya amsa da ƙa'idar Java ko Python, alhali shi ɗalibin ba shi da abin dogaro sai abin da aka rubuta a gabansa.

Kashi na huɗu na masu neman kujerar injiniya ne: matsaloli kusan huɗu da za a warware ta hanyar rubuta manhaja. Irinsu su ne a fitar da duk lambobin da kowane adadi a cikinsu ya fi na gabansa girma, kamar 138 ko 2479, ko a jero duk kalmomin da za a iya haɗawa daga haruffan maɓallan tsohuwar waya, ko a karanta jadawalin lambobi a zagaye daga waje zuwa ciki. Ana rubutawa ne a fili fari, ba tare da damar gwada ko abin ya yi aiki ba, kuma mutum na iya zaɓar harshen da ya fi iyawa. Wanda ya saba kwamfuta na nuna masa kuskurensa da jan layi, a nan sai ya bi rubutunsa da ido layi bayan layi. Jarrabawar gaba ɗaya kan ci awa biyu zuwa huɗu, kuma ana duba daidaito tare da saurin gamawa.

Ana sukar wannan tsari, kuma sukar tana da tushe. Injiniya mai shekara goma a bakin aiki yana iya ganin raini ne a zaunar da shi lissafin minti biyu kamar ɗan sakandare, kuma babu wanda ke rubuta manhajar gaske ba tare da gwadawa ba. Sai dai tsarin yana da wani adalci da ba a cika ambata ba: tambayoyi iri ɗaya ake yi wa wanda ya fito daga shahararriyar jami'a da wanda ya fito daga ƙaramar kwaleji, kuma iya zance ko sanin wani a ciki ba ya ƙara maki ko ɗaya.

Zaman ƙarshe

Kafin annobar korona ta 2020, wanda ya tsallake jarrabawar kamfanin ne ke biya masa jirgi da masauki ya zo Verona. Ziyarar kanta wani ɓangare ne na zawarcin, domin harabar, mai faɗin fiye da eka dubu, an gina ta ne kamar garin tatsuniya: wani rukunin gine-gine kamar makarantar matsafa ta labaran yara, wani kamar gona, ga zauren taro a ƙarƙashin ƙasa mai suna Deep Space da ke ɗaukar mutum sama da 11,000. Bayan annobar an mayar da yawancin wannan zama ta bidiyo.

Zaman kan ɗauki kusan rabin yini. Ana nuna wa masu neman aikin yadda manhajar ke aiki, su tattauna da wani injiniya kan rayuwar yau da kullum a wurin, sannan kowa ya gabatar da wani aiki da ya taɓa yi da hannunsa. Mai sauraron yakan katse shi da tambayoyi: me ya sa ka zaɓi wannan hanya ka bar waccan, wane ɓangare ne naka wane ne na abokan aikinka, da za ka sake yi yau me za ka canza. Wanda ya ɗauko aikin rukuni ya ce nasa ne shi kaɗai, a nan asirinsa ke tonuwa. A ƙarshe akwai zama da jami'in ɗaukar ma'aikata kan hali da albashi da ranar fara aiki.

Tsakanin waɗannan akwai zaman da ya fi nuna bambancin fannin lafiya, wato inda ake ba mutum matsala a buɗe a ce ya tsara mata manhaja, yana tunani a fili mai tambayar na saurare. A baki matsalar kan yi sauƙi, misali tsara yadda za a riƙa tunatar da ma'aikatan jinya lokacin ba da magani. Amsa mai kyau ita ce wadda ta tsaya tambaya kafin ta fara gini, domin ramukan suna da yawa. A Amurka ana auna nauyin mutum da fam a gida, amma maganin yara da kilo ake lissafa shi, kuma kilo ɗaya fam 2.2 ne, idan aka shigar da lambar fam a gurbin kilo, yaro zai sha fiye da ninki biyu na abin da ya kamata. A farkon watan Nuwamba yawancin jihohin ƙasar kan mayar da agogo baya da awa ɗaya, sai ƙarfe 1:30 na dare ya zo sau biyu a dare guda. Allurar da aka rubuta an yi a wannan lokaci, na farkon ake nufi ko na biyun? Ga kuma majinyata biyu masu suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya, a ƙasar da ba ta da lambar shaidar majinyaci ta ƙasa baki ɗaya, domin tun ƙarshen shekarun 1990 Majalisar Dokokin Amurka ta hana a kashe kuɗin gwamnati wajen samar da ita. Ko gargaɗin da manhaja ke fitarwa yana da nasa haɗarin: idan ya yi yawa, likita kan saba da danna shi ya wuce ba tare da karantawa ba, har ranar da na gasken zai zo.

Ba a buƙatar mai neman aikin ya zo da ilimin likitanci, kamfanin kan koyar da wannan daga baya, har yakan tura injiniyoyinsa asibitoci su tsaya bayan likitoci da ma'aikatan jinya su ga yadda ake amfani da abin da suka rubuta. Abin da ake nema shi ne ko tunaninsa na zuwa ga inda abu zai iya lalacewa. Tarihin fannin ne ya koyar da haka. Tsakanin 1985 da 1987 wata na'urar gashin ciwon daji mai suna Therac-25, ƙirar wani kamfanin Kanada, ta ƙona majinyata aƙalla shida da haske mai ninki da yawa na abin da aka nufa, wasunsu suka mutu. Ɗaya daga cikin kurakuran manhajarta ba ya bayyana sai idan mai sarrafa na'urar ya gyara abin da ya shigar cikin 'yan daƙiƙoƙi, wato ƙwararren mai saurin hannu ne kawai ke tayar da shi. Har yau ana karantar da wannan labari a azuzuwan kwamfuta. Epic ma bai tsira daga irin wannan bincike ba: a 2021 masana daga Jami'ar Michigan sun wallafa a mujallar JAMA Internal Medicine cewa manhajarsa ta hasashen gubar jini ta kasa gano kashi 67 cikin ɗari na masu ciwon a asibitinsu. Kamfanin ya musanta yadda aka auna, amma daga baya ya sake fasalin manhajar.

Batun sirri

Tambayoyin sirrin majinyata kan shigo ko ta wace ƙofa. Dokar HIPAA ta 1996 ita ce ginshiƙi a Amurka, kuma daga cikin ƙa'idojinta akwai cewa kada a buɗe wa ma'aikaci bayanan da suka wuce abin da aikinsa ke buƙata, sannan a ajiye tarihin duk wanda ya buɗe fayil. Epic yana da wani tsari da ya sa wa suna "fasa gilashi": idan ma'aikaci ya nufi fayil mai tsaro na musamman, kamar na wani sananne ko na abokin aiki, manhajar za ta tsayar da shi ta nemi dalili, ta rubuta sunansa. Ba a kulle fayil ɗin gaba ɗaya, saboda a ɗakin gaggawa jinkirin minti biyu na iya zama ajali. Mai neman aikin da ya fahimci wannan ja-in-ja tsakanin sirri da gaggawa ya riga ya yi nisa.

Abin da ya faru da Change Healthcare a Fabrairun 2024 ya ƙara wa batun nauyi. Masu kutse sun shiga ta wata ƙofa da ba ta da matakin tantancewa na biyu bayan kalmar sirri, suka tsayar da biyan kuɗin magani da na asibitoci a faɗin ƙasar na makonni. Shugaban kamfanin UnitedHealth, mai mallakar Change, ya tabbatar wa majalisa cewa sun biya fansar dala miliyan 22, kuma daga baya aka ƙiyasta cewa bayanan mutum kusan miliyan 190 abin ya shafa.

Abin da mai neman aikin ya kamata shi ma ya tambaya

Epic yana son ma'aikatansa a harabarsa, don haka karɓar aikin na nufin ƙaura zuwa yankin Madison, inda sanyin hunturu kan sauka ƙasa da sifili na watanni. A Agustan 2020, ana tsakiyar annoba, kamfanin ya nemi dawo da ma'aikata ofis, sai da ƙorafinsu da na hukumar lafiyar yankin ya sa ya sassauta. Takardar kwantiragin tana ɗauke da sharaɗin hana wanda ya bar aiki komawa wurin wasu abokan hamayya da abokan hulɗar kamfanin na wani lokaci. Akwai kuma sharaɗin sasanci, wanda ya kai har Kotun Ƙolin Amurka: a shari'ar Epic Systems da Lewis, ranar 21 ga Mayun 2018, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu cewa kamfani na iya wajabta wa ma'aikaci ya kai ƙorafinsa gaban mai sasanci shi kaɗai, ba tare da haɗa kai da sauran ma'aikata a ƙara guda ba. A ɗaya ɓangaren, wanda ya cika shekara biyar yana samun hutun wata guda da albashi, kuma kamfanin kan taimaka da kuɗin tafiya idan ƙasar da zai je bai taɓa zuwa ba.

Sauran kamfanonin fannin ba duka ke bin salon Epic ba. Cerner, babban abokin hamayyarsa, wanda Oracle ya saya a 2022 kan kimanin dala biliyan 28, da ƙananan kamfanoni masu tasowa, sun fi karkata ga salon da aka saba: warware matsala kai tsaye a gaban mai tambaya, tsara babban tsari, da tambayoyin yadda mutum ya taɓa fita daga wata matsala a wurin aiki. A irin waɗannan wurare sanin HL7 da FHIR, ƙa'idojin da manhajojin asibitoci ke musayar bayanai da su, yana ɗaga darajar mai nema.

Ga wanda ke nema daga wajen Amurka, cin intabiyu rabin tafiya ne, domin bizar ƙwararru ta H-1B tana da iyaka ta 85,000 a shekara ga kamfanoni masu zaman kansu, kuma masu nema sun ninka haka. Amma sana'ar ba a can kaɗai take ba. A Kano akwai eHealth Africa, wadda ta yi aikin taswira da bayanai a yaƙin kawar da shan inna, a Legas akwai Helium Health mai rubuta manhajar fayil ɗin asibitoci, kuma ma'aikatun lafiya na Najeriya suna tattara alƙalumansu ne da DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta Norway ke jagorantar ginawa. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta sanya bayanan lafiyar mutum cikin rukunin da ke buƙatar kariya ta musamman. A nan tambayar tsara manhaja kan zo da nata ramukan: abin da zai faru idan wuta ta ɗauke ko intanet ya yanke ana tsakiyar shigar da bayanai, da yadda za a bambance majinyata masu suna ɗaya waɗanda da yawansu ba su da takardar haihuwa.